Ɗan Makaranta da Akwatin Hoto a Ƙasar Mafara

Yau ba wanda za a tsaya yi wa dogon bayani a kan mene ne hoto. Abin da a zamanin kakanninmu sai Bature ko babban attajiri ke riƙewa, ga shi yanzu cikin aljihun kusan kowane saurayi, domin wayar hannu ita ma akwatin ɗaukar hoto ce. Amma fa riƙon alƙalami dabam, iya rubutu dabam. In ka karɓi wayar ɗalibi ka duba, mai yiwuwa ne ka tarad da fuskarsa sau ɗari, da sabuwar rigarsa, da babur ɗin abokinsa, amma da wuya ka tarad da rumbun gidansu ko itacen da ke ƙofar makarantarsu. Nufina a wannan darasi in bayyana yadda hoto ke samuwa, sa'an nan in nuna abubuwan da suka cancanci ɗan makaranta ya juya akwatinsa gare su a garuruwan nan uku maƙwabtan juna, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wuri ne na 'yan makaranta, gama a Mafara aka kafa kwalejin fasaha a 1992, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdu Gusau, a nan kuma aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a 2018, Bakura kuwa ita aka ba kwalejin aikin gona. Wuri ne kuma da ya sake kama ƙwarai cikin rayuwar mutum guda.

Mu fara da asalin abin. Hoto ba kome ba ne illa haske da aka kama aka tsare. Duk abin da ido ke gani, haske ne ya faɗa masa ya dawo, haske kuwa a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Wanda ke son tabbatarwa ya shiga ɗaki da rana, ya rufe ƙofa da taga, ya toshe ko'ina sai 'yar kafa guda wadda ba ta wuce faɗin ƙwayar gujiya ba. In ya dakata har idonsa ya saba da duhu, zai ga siffar abin da ke waje ta bayyana jikin bangon da ke fuskantar kafar, amma kai ƙasa ƙafa sama. Dalili kuwa, hasken da ya taso daga kan itace ya bi ta kafa ya sauka ƙasan bango, wanda ya taso daga gindinsa ya hau sama. Wani masani, Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan, ya kuma kafa hujja cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fid da haske ba kamar yadda waɗansu mutanen da suka zata. Ba kuwa sai an je Masar za a ga haka ba. Ku dubi ƙarƙashin dogon yaro da hantsi: ɗigon hasken da ke ƙasa kewayayyu ne, alhali ratar da ke tsakanin ganye ba kewayayya ba ce. Kowane ɗigo hoton rana ne. Ran Laraba 29 ga Maris 2006, sa'ad da husufin rana ya ratsa Zamfara da Katsina har gari ya yi duhu a Gusau da hantsi, wanda ya sunkuya gindin itace kafin duhun ya cika ya ga ɗigon nan sun koma siffar jinjirin wata.

Abin da ya gagari mutanen da shi ne tsare siffar kada ta gushe. Wani Bafaranshe, Niyefs, shi ya fara samun nasara wajen 1826, da ya shafa wa farantin ƙarfe wani irin kwalta ya ajiye a tagarsa. Hasken bai kama ba sai da ya sha abin da bai gaza sa'a takwas ba. A 1839 aka bayyana wa jama'a dabarar abokin aikinsa Dager a birnin Faris. A Ingila kuma Talbot ya gano yadda za a wanke hotuna da yawa daga uwa ɗaya. A 1888 Istman na Amurka ya fid da akwatin Kodak, a 1900 kuma ya fid da ƙaraminsa, Brownie, a kan dala guda, har yara suka iya saye. Na farko da ke aiki da lantarki ba tare da fim ba, a 1975 aka ƙera shi, shi ne kakan wanda ke cikin wayarku.

Ko wane iri ne, akwatin hoto ɗakin duhun nan ne aka ƙanƙanta, aka sa madubi mai tudu a tsakiya a bakin kafar don ya tara haske, aka sa marfi mai buɗewa da rufewa, aka sa faranti mai jin haske a maimakon bango. Abubuwa uku ke hukunta hoto: faɗin ƙofar haske, da daɗewar marfi a buɗe, da ƙarfin jin farantin. Ku kwatanta da cika tulu a famfo. In an buɗe famfo duka, nan da nan tulu ya cika. In an tsuke shi, sai a jima. Tulun da bai cika ba shi ne hoto mai duhu, wanda ya yi ambaliya shi ne hoton da ya ƙone fari fat. A jikin madubi za ku ga lambobi kamar 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Nan ne sabon shiga ke ruɗewa, domin gwargwadon girman lamba gwargwadon tsukewar ƙofa, kowane taki kuwa yana rage rabin haske. Haka lambobin marfi, 60, 125, 250, 500, 1000, ma'anarsu kashi ɗaya cikin wannan adadi na sakan guda. Hannun mutum ba ya tsayawa cik, saboda haka ƙasa da 60 sai a dafa bango ko a ɗora akwatin bisa turmi. Mai dakan da taɓaryarta ke sama tana son 500, tsuntsun da ya tashi yana son 1000. Akwai kuma wata fa'ida: ƙofa mai faɗi takan fid da abu guda tangaran ta bar bayansa dishi-dishi, tsukakkiya kuwa takan fid da na kusa da na nesa baki ɗaya. Yawancin wayoyi ƙofarsu ba ta sakewa, su ke zaɓar sauran da kansu, amma wanda ya san lissafin shi ke gane inda wayar ta yi kuskure.

Ga kuskurenta mafi yawa a ƙasarmu. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne bisa zaton duniya duk toka-toka ce, ba fari ba baƙi. To, ga dattijo baƙin mutum sanye da farar riga da rawani, yana tsaye a rana. Akwatin ya ga fari ya yi yawa, sai ya rage haske, riga ta fito da kyau, fuska ta ɓace ƙirin. Maganinsa ka roƙi dattijon ya koma bakin zaure inda inuwa take amma hasken waje na shigowa, ka taɓa fuskarsa a gilashin wayar don ta auna daga nan. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, wani ya riƙe farin zane ko faifai mai farar takarda a wannan gefe, hasken ya dawo mata.

Sai kuma sanin hasken ƙasar nan, wanda littattafan Turai ba za su koya muku ba, don ranarsu ba ta hawa tsakar ka. Garuruwan nan uku suna wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen 20 ga Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, mutum ya taka inuwarsa. Hoton tsakar rana idanu kan zama ramuka, ƙasa ta yi fari, kome ya baje ba tudu ba kwari. Lokacin aiki daga fitowar rana ne zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa faɗuwarta, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe yana fid da kowane kunya a gona da kowane zane a bango. Amma a yi hanzari, gama almurunmu gajere ne. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan tace rana, inuwa ta yi laushi, itatuwan nesa su jeru wani bayan wani kamar an zana su da toka. A ganina ba lokacin da ya fi wannan kyau ga fuskar mutum. Sai dai ƙurar maƙiyiyar madubi ce. A hure ta tukuna kafin a shafa, kada kuwa a shafa da bakin riga, yashi ne, zai karce gilashi. Da damina kuma, bayan an ɗauke ruwa, iska kan wanke tas, a hangi abin da ba a hanga da rani.

To, me za a ɗauka? Mu fara da halittar Ubangiji. Ɗalibai da yawa suna zaton sai an ga zaki ko giwa kana a ce an ɗauki hoton daji. Ba haka ba ne. Ku nemi wurin da gawo da kuka ke tsaye kusa da juna, ku sa dutse alamar inda kuka tsaya, ku riƙa komowa ranar ɗaya ga kowane wata har shekara ta kewayo. Hotuna 12 ke nan, za su kuwa nuna abin da manomi ya sani amma bai taɓa gani a jere ba: kuka ta yi ganye da damina ta tuɓe da rani, gawo kuwa ya saɓa wa itatuwa duka, ya kakkaɓe ganyensa sa'ad da ruwa ya sauka, ya yi kore shar sa'ad da kome ya bushe. Shi ya sa gero ke yi a gindinsa, shi ya sa kuma makiyayi ke nemansa da bazara. Ɗalibin aikin gona a Bakura da ya yi wannan ya rubuta babi guda na karatunsa ba da alƙalami ba. A bakin ruwa kuwa, ko a fadamun Gulbin Sakkwato ko a magudanan rani, akwai balbela da zalɓe da kirinjijiya, da garken jan baki da ke sauka bisa shinkafa kamar hayaƙi. Tsuntsu ba a bin sa. Zama ake yi wuri guda da tufa marar haske, rana a bayanka, har ya manta da kai. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina; wanda ya ɗauki ta farko da ya gani kowace shekara, ya rubuta ranar, bayan shekara goma yana da abin da masana yanayi za su so gani.

Akwai tsuntsaye biyu da nake roƙon duk wanda ya yi katari da su kada ya bari su wuce. Na ɗaya gauraka, wadda Nijeriya ta ɗauka tsuntsuwar ƙasa, ga shi kuwa ta kusa ƙarewa a cikinta. Na biyu ungulu. Ku tambayi iyayenku, za su gaya muku da ba mahautar da ba ta da ungulaye jere bisa katanga, har ba mai ɗaga kai ya dube su. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin ungulun nan ta gari cikin waɗanda ke bakin halaka. Ba wanda ya damu ya ɗauki hotonta sa'ad da take ko'ina, don an raina ta.

Wannan shi ya kawo mu ga kayan gida, inda nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne raini ya fi yawa. Talbot ɗin nan da na ambata, cikin hotunansa da suka fi shahara akwai wanda ya ɗauka a 1844, ba sarki ba fada, tsintsiya ce kawai jingine a bakin wata tsohuwar ƙofa. A ƙasarmu kuma akwai Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Da ƙaramin Brownie ya fara a 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, yawanci daga ƙeya, yana tambayar sunan kowane kitso, har ya tara wajen dubu. A lokacin kitso abin banza ne a idon mutane, kowace mace na da shi a ka. Yau hotunan suna rataye a manyan gidajen ajiye kayan fasaha na duniya, waɗansu kitson kuwa sai a cikinsu ake ganinsu.

Ku shiga madafin gidanku da wannan ido. Ga ƙwarya da ludayi da mara, ga muciya da maburgi, ga akushi da faifai, ga randa a gindin bango, ga dutsen niƙan da aka jefar bayan ɗaki tun ran da injin niƙa ya shigo unguwa. A zaure ga galma da sungumi da lauje, ga allo da kurtun tawada. Kowannensu roba ko ƙarfe na bin sa a guje: jarka ta kori tulu, injin ban ruwa ya kori jigo, tocila da hasken sola sun kashe aci-balbal, babur yana ƙwace aikin jaki da mangalarsa. Yadda za a ɗauke su kuwa, a fid da abu guda a ajiye bisa tabarma ko ƙasa mai tsabta, a bakin ƙofa, haske na zuwa daga gefe. In haske ya zo daga gaba, zanen da gyartai ko mai sassaƙa ya yi wa ƙwarya zai ɓace. In ya zo daga gefe, kowane tsagi zai yi inuwarsa. Baƙin akushi yana son shimfiɗa mai haske, farin faifai yana son mai duhu. A ajiye kwalin ashana kusa don mai kallo ya san girman abin. Bayan wannan a ɗauki na biyu, abin yana hannun mai aiki da shi, gama maburgi a kwance itace ne kawai, sai yana juyawa tsakanin tafuka biyu ake gane shi. Kana a tambayi tsohuwar gidan sunansa da bakinta, a rubuta yadda ta faɗa. Hausar Zamfara ba ta Kano ba ce, sau da yawa sunan da ke ƙamus dabam, wanda ake faɗi a Maradun dabam, wannan bambanci kuwa dukiya ce.

Amma ina da ja da wata ɗabi'a. Waɗansu in za su ɗauki hoton gargajiya sai su kawar da bokitin roba, su ɓoye waya, su sa yarinya ta ɗauki tulun da ba ta taɓa ɗauka ba. Wannan wasan kwaikwayo ne. Jarkar nan rawaya da kuke turewa da ƙafa, ita ce tulun zamaninku, jikokinku za su so ganinta kamar yadda kuke son ganin na kakanninku. In randa da jarka suna zaune tare a tsakar gida, a ɗauke su tare.

Na uku shi ne mazaunin mutane, watau gari da kasuwa da gona. A nan ba misalin da ya kai Bakolori. An fara gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun, a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon bangonta kilomita 5 da rabi, tafkin da ta tara kuwa ya rufe wajen hekta 8,000, ya miƙa kilomita 19 baya. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da gidaje da itatuwa da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa aka kai sababbin matsugunai. A ƙasa da madatsar kuma aka baje gonakin gado aka yanka su sabon yanka saboda noman rani, manoma suka yi shekaru ba su shuka ba, maganar diyya ta yi tsami, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Can gaba kuma, fadamun da ke dogara ga ambaliyar kowace shekara suka rasa ruwan da suka saba, shinkafa da kifi suka ragu. A wancan zamani akwatin hoto yana hannun injiniya da ma'aikacin hukuma, su kuwa abin da ya dame su shi ne bango da ƙofofin ruwa. Da a ce ɗan makaranta guda ya bi ƙauyukan nan a 1973 ya ɗauki kowace ƙofar gida da kowace rijiya da kowace kukar da ke iyakar gona, da yau 'ya'yan waɗanda aka tasa suna da abin nuna wa 'ya'yansu, da kuma mai neman diyya ya sami shaidar da ba ta mantuwa.

Abin da ke nan yau shi ma ba tabbatacce ba ne. Bututun yayyafin da aka shimfiɗa wa dubban hekta na aikin Bakolori sun daina aiki tun da daɗewa, noman ya koma ga magudanai. Kasuwar da ta ba Talata Mafara sunanta, wa zai ce za a wayi gari ranar Talata ba ta ci ba? Ga shi kuwa a Satumba 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako na jihar, aka kuma yanke layukan waya, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Don haka ku ɗauki kasuwa tun tana ci: layin masu hatsi da tiyarsu, 'yan koli, maƙera, masu albasa da dankali, motocin da ke tsayawa a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Ku ɗauki soron ƙasa mai azara kusa da ginin bulo mai rufin kwano. Dabara ɗaya ita ce a sami wuri mai ɗan tudu a ɗauki faɗin wurin duka, sa'an nan a sauko a ɗauki rumfa guda, sa'an nan hannun mai awo kaɗai. Uku ɗin tare su ke ba da labari.

Akwai wani dalili kuma. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe, a ƙasar Mafara, aka sako su 279 ran 2 ga Maris. Hotunan gadajen kwana ba kowa, da na 'yan matan zaune jere a Gusau, sun kewaye duniya. Hotunan gaskiya ne, ba mai cewa a ɓoye su. Amma mutumin Landan ko Alƙahira, kai har na Ikko, in ya nemi sunan ƙasar nan, kusan abin da zai gani ke nan. Gani ya kori ji, in kuwa abu guda kaɗai aka gani, shi zai kori sauran duka. Wata 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta ga an yi wa Barno haka, sai daga 2015 ta shiga ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki na garinsu tana bazawa a Instagram, har jaridun duniya suka juyo suna kallo. Baƙo yakan zo ran masifa ya koma. Ɗan gari ne ke nan ran girbi.

Sai dai aikin yana da ladabi, yana kuma da hatsari, kada wanda ya ɗauki ɗayansu da wasa. Fuskar mutum tasa ce. A yi sallama, a gaisa, a ce, “Baba, in ka yarda ina son in ɗauki hotonka kana wannan aiki, na makaranta ne.” In ya ƙi, a yi godiya a wuce. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai, wanda ya bi masu hani ba a jayayya da shi a bakin rumfarsa. Sau da yawa ma zai yarda a ɗauki hannunsa da kayan aikinsa. Cikin gida ba a shiga da akwati sai da iznin maigida da na matan kansu, nan kuwa 'yan'uwanmu mata ɗalibai sun fi mu dama, rabin rayuwar Hausawa a hannunsu take. Yaro sai da yardar iyayensa. Marar lafiya da mai bara da wanda aka kora daga ƙauyensa, kada a mai da wahalarsu abin neman yabo. Wanda aka ɗauka a nuna masa, in da hali a wanke a kai masa.

Hatsarin kuwa ba sai na faɗa wa mutanen Bakura ba, inda aka shiga kwalejin aikin gona da dare a Agusta 2021 aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Kada a fita bayan gari don neman tsuntsu sai an tambayi masu sanin hanya, kada a tafi mutum ɗaya, kada a kai la'asar sakaliya. Soja da shingen bincike da ƙofofin madatsa ba a ɗaukarsu sai da izni. A ƙauyen da ba a san ka ba, fara da gidan mai gari, domin a zamanin da ake tsoron masu kai rahoto, baƙo mai ɗaga waya yana iya jawo wa kansa abin da bai zata ba. Ku sani kuma waya takan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a ɓoye cikin hoton, in ba a kashe wannan ba. Garken shanun mutum, ko rumbunansa cike, ko sabon gidansa, in ka baza su a Facebook da sunan ƙauye, ka yi wa ɓarawo jagora. Irin waɗannan a ɗauka a ajiye, ba yau za a nuna su ba.

Ajiyar ita ce aikin ƙarshe, ita kuma aka fi sakaci da ita. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba, kamar wasiƙa ce ba sa hannu. Kowane ɗalibi ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta lambar hoto, da rana da wata da shekara, da gari da unguwa, da sunan abin da amfaninsa, da sunan mutumin in ya yarda. Masu bincike da ke zuwa Gidan Arewa a Kaduna ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, abin da suke fara nema a tsohon hoto shi ne rubutun da ke tare da shi. Waya takan faɗa ruwa, a kan sace ta, takan mutu. Hoton da aka aika ta WhatsApp kuwa an matse shi, ya rasa rabin kyansa. A kwafe na asali a wuri biyu, ɗaya a kwamfutar makaranta. Cikin kowane ɗari a zaɓi biyar mafiya kyau a wanke su a takarda. A yi rubutun bayansu da fensir, don tawadar biro takan huda ta ɓata fuskar hoton. A sa farar takarda tsakanin kowane biyu kada su manne, a zuba su cikin akwatin ƙarfe mai marfi, a ɗora bisa wani abu nesa da ƙasa saboda gara, in damina ta yi tsakiya kuma a buɗe shi ran da aka yi rana ya sha iska a inuwa.